Kaza ta kwanta kan ƙwai 12, ta tashi da tsaki 6: ina matsalar take?

Mai_Akurki
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Tambaya ce ga masana. Kaza lafiyayya ta kwanta kan ƙwai 12, ta cika kwana 21 ba ta yi wasa da gurbinta ba, amma ranar ƙyanƙyasa sai ta tashi da tsaki 6 ko 7. In aka fasa ragowar, wasu baragurbi ne, wasu kuwa ɗan tsako ne cikakke har da gashinsa, ya mutu a ciki bai fito ba. Laifin wa ke nan, kazar, zakaran ko mai kiwon? Kuma da akwai yadda za a gane ƙwan da ba zai yi ba tun kafin a ɓata mako 3?

Malam_Kiwo
Wa alaikumus salam. Amsar tana cikin ƙwan da aka fasa ɗin nan, don haka kada a riƙa zubar da su ba a duba ba. Wanda aka tarar gwaiduwarsa tas, babu ko ɗigon jini, galibi ba shi da zakara tun asali, ko kuma tayin ya mutu tun bai kai ga yin jini ba. Wanda aka ga zoben jini a jikin ɓawonsa daga ciki, ya fara girma ya mutu a makon farko. Wanda kuwa ɗan tsakon ya cika ya kasa fitowa, matsalar kwanakin ƙarshe ce. Kowanne da dalilinsa daban, ba a yi musu magani ɗaya. Mutuwar tayi ta fi yawa a wuri biyu, kwanaki 3 zuwa 4 na farko da kwanaki 3 na ƙarshe.

Uwar_Tsaki
Malam ya yi gaskiya, amma ni inda na fi zargi shi ne ƙwan ba rana ɗaya suka fara ba. Kaza tana kwanci, sauran kaji suna zuwa suna cusa kansu suna sa mata sabon ƙwai a ƙarƙashi. Ita ba ta ƙin karɓa. Sai ka ga a gurbi ɗaya akwai mai kwana 10, akwai mai kwana 4, akwai na jiya. Na farko suna fitowa za ta jira kwana ɗaya ko biyu, sannan ta tashi ta kai su cin abinci, ragowar su yi sanyi su mutu, alhali lafiyarsu ƙalau, lokacinsu ne kawai bai yi ba. Maganin abu ne mai sauƙi: a sa mata ƙwan duka rana ɗaya, a zana wa kowanne layi da fensir ya zagaye shi, a rubuta kwanan wata. Duk lokacin da ta tashi shan ruwa a leƙa, wanda ba shi da layi a ɗauke.

Dan_Gurbi
Fensir dai, ba alƙalamin tawada (maka) ba. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da tayi ke shaƙar iska ta cikinsu, bai kamata a sa masa tawada mai ƙarfin wari ba.

Mai_Akurki
Na gode Uwar_Tsaki. To ƙwan da ake tarawa kafin a ba ta, kwana nawa zai iya jira?

Malam_Kiwo
Kwana 7 shi ne daidai. Daga nan ƙarfinsa yana raguwa kullum, bayan kwana 14 kuwa asarar tana da yawa. A ajiye shi a wuri mai sanyi-sanyi, digiri 13 zuwa 16 in da hali, tsinin yana ƙasa, faffaɗan kan yana sama, a riƙa karkata tiren sau ɗaya ko biyu a rana don kada gwaiduwa ta manne da gefe. Ba a sa shi a firij, sanyin ya yi yawa. Zafi kuma ya fi sanyi illa: da zarar ɗakin ya haura kamar digiri 24, tayin yana soma girma a hankali, ba yadda ya kamata ba, sai ya raunana tun kafin kaza ta hau kansa. Irin waɗannan ne suke mutuwa da zoben jini. Kuma kada a wanke ƙwan kwanci. Akwai wani siririn rufi da kaza ke shafe ɓawo da shi lokacin da take sakinsa, shi ke toshe ƙwayoyin cuta. Mai ɗan datti a kankare da busasshen tsumma, mai kashi sosai a bar shi, haka mai tsagewa da mai siririn ɓawo da ƙaton nan mai gwaiduwa biyu.

Sarkin_Zakaru
Kuna ta maganar ƙwai kun manta da ubansa. Zakara ɗaya kaji 8 zuwa 10 yake iya ɗauka. In suka kai 20 a kansa, dole wasu ƙwan su zo babu komai. Tsohon zakara ma haka, da wanda ƙiba ta yi wa yawa. Kaza kuma tana ajiye maniyyin zakara a jikinta, barbara ɗaya tana iya isar ta kwana 10 zuwa mako 2, don haka in an canza zakara ana son irin sabon, a jira kamar mako 3 kafin a fara tara ƙwai. Mai son ya gwada tun kafin kwanci, ya fasa ƙwai 2 ko 3 a faranti ya dubi farin ɗigon da ke kan gwaiduwa. In ɗan ƙaramin ɗigo ne mara tsari, babu zakara. In ya ɗan fi faɗi, zagayayye, kamar zobe da fili a tsakiya, akwai.

Tocila21
Ga amsar tambaya ta biyu ta Mai_Akurki. Ana haska ƙwai. Da daddare, ko a ɗaki mai duhu, a riƙe ƙwan faffaɗan kan yana sama, a ɗora bakin tocila mai ƙarfi a kai, a rufe gefen da yatsu don kada haske ya tsere. A kwana na 7 mai rai zai nuna jijiyoyin jini ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wannan idon ne. In aka yi haƙuri za a ga yana motsi. Wanda haske ya ratsa fes, sai inuwar gwaiduwa kawai, babu komai. Mai jan layi ɗaya da ya zagaye ba tare da rassa ba ya mutu. Wanda ake shakka a yi masa alama a mayar, a sake dubawa a kwana na 10. Kada ƙwai ya wuce minti ɗaya ko biyu a hannu, kuma a wanke hannu a busar kafin a taɓa.

Uwar_Tsaki
A ƙara da cewa cire mataccen ƙwai dole ne, ba don gyara lissafi kawai ba. Yana ruɓewa, iska ta taru a ciki, wata rana ya fashe a ƙarƙashin kazar ya shafe sauran da ƙazanta. Wanda ya fara wari ko ya fara tsattsafo da ɗigon ruwa a jikin ɓawo, a ɗauke shi a hankali a binne.

Likitan_Kaji
Bari in ɗan faɗi abin da ke gudana a cikin ƙwan, domin wanda ya san wannan zai gane dalilin kowace doka da ake faɗa a nan.

Kafin kaza ta saki ƙwai ya riga ya yi kamar sa'o'i 25 a jikinta, kuma tayin ya fara rarrabuwa tun a can. Yana fitowa ya yi sanyi sai ya tsaya cak, yana jiran ɗumi. Shi ya sa ƙwan Litinin da na Juma'a suke iya ƙyanƙyashewa tare, muddin rana ɗaya aka hau kansu. Kazar kuma tana tsige gashin ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwan kai tsaye. Jikinta yana kusan digiri 41, ƙwan yana zama wajen 37.5.

Kafin kwana 2 su cika zuciya ta fara bugawa. A kwana na 3 jijiyoyi sun shimfiɗu a kan gwaiduwa suna janyo abinci, alamun fuffuke da ƙafafu sun ɓullo. Kwana na 4 ido ya fara baƙi. Wajen kwana na 6 baki ya fara fitowa, na 7 kuma ɗan farin tsinin nan na kan baki da zai fasa ɓawo da shi ya bayyana. Kwana na 8 ana ganin layukan da gashi zai tsiro, na 10 baki ya fara tauri, yatsu sun rabu. A wannan tsakanin wani tantani mai cike da jijiyoyin jini yana bazuwa har ya lulluɓe cikin ɓawon gaba ɗaya. Shi ne huhun tayin kafin huhunsa na gaske ya fara aiki, ta nan yake karɓar iska, ta nan kuma yake zuƙar sinadarin kalsiyam daga ɓawo yana gina ƙashinsa. Ɓawon yana ƙara laushi ke nan, abin da zai taimake shi ranar fita.

Kwana na 13 gashi ya rufe jiki. Na 14 yana juyawa ya miƙe bisa tsawon ƙwan, kansa ya nufi faffaɗan gefe. Zuwa na 16 ya kusa shanye farin ƙwan. Daga na 19 ragowar gwaiduwa tana shigewa cikinsa ta cibiya. Sannan ya sa kansa ƙarƙashin fuffuken dama, ya huda tantani ya shiga ɗakin iskar da ke faffaɗan kai, ya ja numfashin farko. A nan ne ake jin kukansa alhali ɓawo bai tsage ba, uwar tana amsa masa. Iskar wurin tana ƙarewa sai ya bugi ɓawo ya yi ɗan huji.

Dan_Gurbi
Allah ya saka da alheri Likita. Wannan ya bayyana dalilin juya ƙwai ma. In bai juyu ba a makon farko, tayin yana mannewa da tantani, wancan lulluɓin mai jijiyoyi kuma ba ya bazuwa daidai. Kaza tana juya su da bakinta sau da yawa dare da rana, tana kawo na gefe tsakiya. Don haka ƙwan da ke ƙarƙashin kaza ba ya bukatar hannun kowa wajen juyi.

Hajiya_Kaji
A nan ne yawan ƙwai yake cutarwa. Mutane suna ganin in an sa 15 za a samu 15. Tunda tana jujjuya su, wanda ya kwana a waje yau gobe yana ciki, wani kuma ya fita, sai sanyin ya zagaye kowa, a rasa har waɗanda da sun yi. Ƙaramar kaza 7 zuwa 8 sun ishe ta, matsakaiciya 10, babba 12. Gwajin shi ne in ta zauna ta baje, kada a hango ko ɗaya ta gefen fuffukenta. Gurbin kuma ya zama kamar kwano mara zurfi, faɗinsa kamar santimita 35 zuwa 40, da busasshiyar ciyawa mai laushi. In ya yi zurfi ƙwai suna hawa kan juna su fashe, in ya baje suna gangarewa.

Zabo_da_Kaza
Tunda ana maganar, mene ne gaskiya game da cewa dogon ƙwai mai tsini zakara ne, zagayayye kuma kaza?

Likitan_Kaji
Ba shi da tushe. Siffar ƙwai ta kazar da ta yi shi ce, kowace da irin nata. Jinsin ɗan tsako yana tabbata tun lokacin haɗuwar iri, kuma a tsuntsaye daga wajen uwa yake zuwa, ba uba ba. Zafin kwanci ma ba ya mayar da mace namiji. A zaɓi ƙwai matsakaici mai siffar da aka saba, shi ya fi ƙyanƙyashewa.

Zabo_da_Kaza
Madalla. Ga masu haɗa ƙwai kuma: na zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, na talotalo 28, na agwagwa 28, amma babbar agwagwar nan mai jan fuska 35. In za a haɗa na zabo da na kaza a gurbi ɗaya, a fara sa na zabon, bayan kwana 6 ko 7 a ƙara na kazar, su fito tare. In aka sa su rana ɗaya matsalar da Uwar_Tsaki ta faɗa ce za ta dawo.

Hajiya_Kaji
Amma a tausaya wa kazar. Mai kwanci cinta kaɗan ne, sau ɗaya take tashi a rana, minti 15 zuwa 30, ta ci, ta sha, ta yi ƙaton kashin nan mai wari, ta yi birgima a ƙasa ta koma. Mako 3 ma ramewa take yi, balle 5. Kada a ba kaza kwanci biyu a jere. Abinci da ruwa a ajiye su ɗan nesa da gurbi yadda dole ta miƙe, in an sa a bakinta za ta iya yin kashi a kan ƙwan. Wadda ta kwana biyu ba ta tashi ba a ɗaga ta a hankali, a fara laluba ƙarƙashin fuffuke don wani lokaci tana maƙale da ƙwai a nan.

Sarkin_Zakaru
Da ƙuma. Kaza mai kwanci ba ta motsi, ita ce abincinsu. Akwai jajayen ƙwarin nan ƙanana da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito da dare su sha jini. Alamar ita ce zankonta ya koɗe, tana yawan susa, tana tsayawa a kan ƙwan maimakon ta zauna, daga ƙarshe ta gudu ta bar su. Wata ma a gurbin take mutuwa. A share wurin a sa magani kafin a ba ta ƙwai, a zuba sabuwar shimfiɗa, a haska da tocila cikin dare a duba. Ba a fesa magani a kan ƙwai.

Mai_Akurki
Duk na fahimta. Amma har yanzu waɗanda suka cika suka mutu a ciki su ne suka fi damuna. In an sa su rana ɗaya, ƙwai sabo, adadi daidai, me kuma zai hana su fita?

Tocila21
Danshi. Ƙwai yana bukatar ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa kafin kwana na 18, wato mai giram 50 ya sauke kamar giram 6. Ruwan da ya fita shi ke buɗe ɗakin iska. In danshi ya yi yawa ɗakin ya zama ƙarami, ɗan tsakon ya huda ya tarar da ruwa-ruwa, ya shaƙe. In bushewa ta yi yawa, ɗakin ya yi girma, tantanin ya bushe ya naɗe shi kamar leda ya kasa juyawa. Da tocila ake gani: a kwana na 18 ɗakin iskar ya kusa kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, ya ɗan karkata gefe, sauran duk duhu. Lokacin tsananin bushewar iska gurbin da ke kan ƙasa ya fi na cikin kwali ko kwando a sama, kuma ana iya ɗan jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin shimfiɗar a makon ƙarshe.

Malam_Kiwo
Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, amma shawarar jiƙa ƙasa ina da ja a kanta. Waɗannan alkaluma na injin ƙyanƙyasa ne, inda ake riƙe danshi a kashi 50 zuwa 55 sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana 3 na ƙarshe. Kaza kuwa fatarta da gashinta suna riƙe nasu danshin. Ruwa da ɗumi da ɗan kashi in suka haɗu a shimfiɗa, ƙwayoyin cuta da fumfuna ake kiwo, su ne ke kawo ruɓar cibiya. Abin da ya fi busar da tantani shi ne mai kiwon da ke ɗaga kaza kowace sa'a yana son ganin nawa suka fito. Daga kwana na 18 a bar ta.

Tocila21
Ban ce a zuba ruwa a kan ciyawar ba Malam, ƙasar ƙarƙashi na ce, kuma sai tocila ta nuna ɗakin iskar ya wuce ƙima. In bai wuce ba, a bar komai yadda yake. A kan ɗaga kaza kuwa muna tare.

Likitan_Kaji
Akwai wasu dalilai biyu da ba a ambata ba. Na farko kwanciyar da ba daidai ba: ɗan tsako ya juya kansa ya nufi tsinin ƙwan inda babu ɗakin iska, ko kan ya shiga tsakanin cinyoyi, ko ƙarƙashin fuffuken hagu. Na biyu abincin iyaye. Duk abin da tayi zai ci na kwana 21 uwar ce ta zuba shi tun kafin ta saki ƙwan. In tana ƙarancin bitamin, musamman B2, za a ga mutuwa a tsakiyar kwanci da ƙarshensa, waɗanda suka fito kuma wasu da yatsu a nannaɗe. A gyara abincin kaji da zakara mako 3 zuwa 4 kafin a fara tara ƙwai. Haka kuma in zakara yana bin 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru, ƙyanƙyasa tana raguwa, sai a sako sabon jini.

Uwar_Tsaki
Kuma don Allah a daina ɓare wa ɗan tsako ɓawo da zarar an ga huji. Daga hujin farko zuwa fita yana iya ɗaukar sa'o'i 12 zuwa 24, kuma yawancin lokacin hutawa yake yi. Ba kasala ba ce. Yana jiran jinin da ke cikin jijiyoyin tantani ya koma jikinsa, gwaiduwa ta gama shigewa, cibiya ta rufe. In ya shirya zai riƙa juyawa yana sarar ɓawon a zagaye har murfin ya ɓalle, wannan bai fi sa'a ɗaya ba galibi. Wanda aka ɓare da wuri jini ne zai zuba, ko ya fito da gwaiduwa tana reto a cikinsa.

Dan_Gurbi
Uwar_Tsaki, amma akwai lokacin da taimako ke ceto. In ya haura sa'o'i 24 da huji, bai ƙara ko tsaga ɗaya ba, kukansa yana raunana, tantanin da ake gani ya koma ruwan ƙasa ya bushe, barinsa mutuwa ce. A ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta gefen ɗakin iska kawai, a jiƙa tantanin da ɗan ruwan ɗumi a kan auduga, nesa da hancinsa. In aka ga jan jijiya ko ɗigon jini a tsaya nan take, a mayar ƙarƙashin uwar, a jira sa'o'i 2 ko 3. Kada a taɓa janyo shi, ya fito da ƙafarsa.

Sarkin_Zakaru
Ni dai ra'ayina wanda ya kasa fita da kansa sau da yawa yana da wata nakasa, ko ya rayu kada a bar shi cikin masu ba da iri.

Hajiya_Kaji
Bayan fita kuma kada a ruɗe don ba su ci ba. Gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su kwana 2 zuwa 3. In uwar ta sauko da su, a ba su abincin tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20, ita ma ta ci shi. Ba a ba su abincin kaji masu ƙwai, kalsiyam ɗinsa ya yi wa ƙodarsu yawa. Ruwa a faranti mara zurfi da tsakuwoyi a ciki don kada su faɗa. A keɓe su daga manyan kaji na makonnin farko.

Mai_Akurki
Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: ƙwan da ta tashi ta bari a kwana na 22, a zubar ko a jira? Wasu suna cewa a sa a ruwan ɗumi a ga ko zai motsa.

Tocila21
Gwajin ruwa yana da haɗari, in akwai ɗan huji ko tsaga da ido bai gani ba ruwa zai shiga. A haska, a kara a kunne, a ɗan ƙwanƙwasa da farce a saurara. In akwai motsi ko kuka, a kai shi ƙarƙashin wata mai kwanci ko inji tun bai huce ba. Ƙwan da ya ɗan sha sanyi a tsakiyar kwanci yana iya jinkirta zuwa kwana 22 ko 23.

Malam_Kiwo
A duba lissafin kwanakin ma. Ranar da aka sa ƙwai ba ita ce kwana na 1 ba, sai ya cika sa'o'i 24 a ƙarƙashinta. Wanda aka sa ranar Asabar, Asabar ta uku bayan wannan ake sa ran fitarsa. Ni zan jira zuwa na 23, daga nan a fasa su nesa da akurki, ta faffaɗan kai, a duba matakin da kowanne ya tsaya a rubuta.

Uwar_Tsaki
Mai_Akurki, cikin waɗanda aka fasa ɗin, masu cikakken ɗan tsako sun huda ɗakin iskar ko ba su kai ga hudawa ba? Kuma gwaiduwar ta shige ko tana waje? Da wannan za mu san ko maganar Tocila21 ce ko ta Likita.